Bwat a Zaure, Hajiya a Ƙurya

Cikin duk ranakun da na yi ina wannan aiki, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis ta bazara, shekara uku ke nan, ranar da na kai sabuwar bwat gidan Alhaji Laminu mai hatsi. Ku da kuka zo staj, wato koyon aiki, bana, ina ganin yadda kuke murguɗa baki in na dawo muku da takardar fish na ce a koma a sake layi na bakwai. Har na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana cewa Shef Haruna tsufa ne ya fara taɓa shi. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali, in na gama sai ku ci gaba da gulmarku.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in fara da yadda aikin yake. Ɗan kamfaninmu na nan Dakoro reshe ne, patron, mai kamfanin, yana Maraɗi. A lokacin mu huɗu ne. Akwai shugaban reshe, Mushe Ibro, wanda a lokacin shi muke ce wa Shef. Akwai teknisiyan biyu, ni da wani da ya bar aikin tuni. Sai sakatariya, Madam Zeinabu, wadda ke amsa waya, tana rijistar pus, wato katin sim, tana karɓar takardun da muka ciko. Abin da muke ɗaura wa mutane shi ne bwat ta wifi, wadda ƴan boko ke ce wa rutar. Akwati ce da ba ta wuce littafi girma ba, ana saka mata pus irin na salula. Sai a kafa anten a kan dogon ƙarfe a waje ta kamo rezo, wato sabis ɗin waya, kabul ya sauko da shi cikin bwat, ita kuma ta watsa shi a gida. A unguwannin bayan gari inda salula ba ta kama komai in ka shiga ɗaki, da wannan mutane ke samun magana da ƴan uwa.

Duk aikin da ka je, akwai takardar da kake cikawa, ita ce fish. Layi tara ne a cikinta. Na bakwai yana cewa an gwada rezo a kowane ɗaki na gidan, sai ka sa alama. Wanda ya rubuta fish ɗin nan ban san a wane gari yake zaune ba, amma na tabbata bai taɓa yin sallama a ƙofar gidan Bahaushe ba. Mu abin da muka sani, in ka je gida sai a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a kawo ruwa, maigida ya nuna maka bango. Nan za ka kafa bwat, ka duba salularka, sanduna huɗun nan da ke nuna ƙarfin rezo su cika, ka sa alama a layi na bakwai, ka hau moto, babur ke nan, ka tafi. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba. Haka muka tarar ana yi, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Haka na yi wa Alhaji Laminu shekara biyu kafin wannan rana. Na kafa mishi bwat a bangon zaure, sama da inda yake zama da abokan cinikinsa. Har na ƙara da jan kunne, na ce kada kowa ya taɓa ta, kada a matsar da ita ko da taƙi ɗaya. Yara nake gudu. Ashe Alhaji ya riƙe maganar kamar doka.

To a makon da nake ba ku labari, an aiko mana da sabbin bwat daga Maraɗi, masu ƙahonni huɗu, baƙaƙe, suna ƙyalli. Kuɗin ɗaya ya ninka na tsohuwar wajen sau uku. Shef ya jera su a tebur yana shafa su, ya ce patron yana son ya ga sun fita kafin damina. Ranar Laraba da hantsi sai ga Alhaji Laminu da kansa, abin da bai taɓa yi ba, don shi mutum ne mai aike. Bayan gaisuwa ya nuna ɗaya da sandarsa.

"Wannan ita ce aka ce ta hi ƙarhi?"

Shef ya miƙe har kujera na faɗuwa. Ya ce ai Alhaji wannan ko a Yamai sai gidan manya.

Na ce, "Alhaji, ita ta wajenka me ta yi? Tana yankewa ne, ko tana zafi?"

"Ba ta da ƙarhi," in ji shi. "A kawo wannan. Amma hwa ina son ta kahin Juma'a."

Na buɗe baki zan ƙara tambaya, Shef ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. 

Kafin in wuce, kada wani ya fita nan ya ce na ce sabuwar bwat banza ce. Tana da ranarta. In ofis ne mai mutum talatin kowa da salula da ordinata, wato kwamfuta, tsohuwar takan shaƙe, sabuwar kuwa ta raba musu daidai. In tsohuwar ta fara zafi tana mutuwa da kanta, ko masu ƙera ta sun daina aiko mata da gyara, a canza ta, ba gardama. Amma akwai abu biyu da sabuwa ba ta yi. Ba ta ƙara abin da anten ta kamo. In ka sayi babbar randa rijiyar ba ta ƙara ruwa don ta gan ta. Na biyu, gudun nan da ake yabonta da shi, a kusa yake. Hanya biyu take watsa rezo, mai gudu da mai nisa. Mai gudun da ta haɗu da katangar laka mai kauri, ta tsaya ke nan. Mai nisan kuwa ita ce dai wadda tsohuwar ke da ita. Duk wannan na san shi ranar, ba daga baya na koya ba.

Alhamis da safe na ɗaure kwali a bayan moto na tafi. Na tarar da zauren cike, ana maganar farashin wake da motocin da za su tashi zuwa Jibiya. Na sauke tsohuwar, na ɗaura sabuwar a kan ƙusoshin nan dai, na mayar da pus, na haɗa kabul. Fitilu suka kama. Na gwada gudu, na ga abin da ta ba ni bai wuce abin da tsohuwar ta ba ni kafin in sauke ta ba, in ma ya wuce to da ƙyar. Na gani da idona, na haɗiye. Na ciro fish na sa alama a layi na bakwai, har da ɗan lanƙwasa a wutsiyar alamar, irin na wanda ya iya aiki.

Alhaji bai duba fitilun ba ma. Ya miƙo salularsa na haɗa mishi, ya karɓa, ya ɗaga labule ya shige cikin gida. Ya jima. Da ya fito, fuskarsa ba yadda ta shiga ba. Ya zauna a hankali ya ajiye salular a kan tabarma.

"Duk ɗaya," ya ce. Can ya ɗago. "Malam Haruna, akwai wadda ta hi wannan a Maraɗi? In akwai, yanzu in sa mota ta tahi."

Akwai kuwa. Na ga hotonta a takardar da patron ya aiko, mai ƙahonni shida. Kuma wallahi "e" ta zo har bakina. Da na faɗe ta, da Shef ya yi mini murmushi mako guda. Abin da ya tsayar da ni hannun Alhaji ne. Mutumin da ke sayen hatsi mota-mota bai ɗaga murya ba, sai na ga ya dunƙule carbinsa a tafin hannu yana ta murzawa. Na ce a raina wannan ba maganar ciniki ba ce.

Na rage murya na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da tambaya. A wane ɗaki ake son ta kama?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ke cikin aljihunsa. Sai ya juya ya ce wa mutanensa su je su duba lodin, yana zuwa. Da zauren ya rage daga ni sai shi, ya yi magana, idonsa a ƙasa.

Mahaifiyarsa ce, Hajiya. Tun damina ta zame a bakin ɗaki ta karye a ƙugu, ba ta sake takawa ba, kuma kwanan nan jikin ya ƙara yin ƙasa. Tana da ɗan auta, Isuhu, direban babbar mota a ƙasar Aljeriya. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida, don takardunsa in ya fito ba za su mayar da shi ba. Aikinsa can cikin hamada ne inda babu rezo, sai bayan watanni yake saukowa Tamanrasset. Ya aiko cewa zai shigo gari ranar Juma'a da safe, Asabar da asuba ya koma. Hajiya kuwa ta ce ita ta gaji da jin murya, fuska take son gani, yana magana tana magana.

Na ce to da yaya take jin muryar? Ya ce matarsa ce ke ɗauko salula ta zo bayan labulen zaure ta tsaya, har saƙon ya shigo, sannan ta koma ta kunna wa Hajiya. In Hajiya ta ba da amsa, a sake kawo salular bayan labule ta tafi. Shekara biyu haka ake yi a gidan da na rubuta da hannuna cewa na gwada kowane ɗaki.

Na ce, "Ba za a iya ɗauko ta zuwa nan ba, ko na rabin awa?"

Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Mun gwada yi mata maganar. Ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zaman zaure ba, kuma ranar da za a hito da ita a ɗauke, rana ɗaya ce, ba ta zo ba tukuna."

Na ce masa gaskiya, cewa ko mai ƙahonni goma aka kawo, muddin a bangon nan za ta zauna, Hajiya ba za ta ga kowa ba. Ba bwat ce matsalar ba, wurin zamanta ne. Sai na ga gidan da idona.

"Ai kai ka ce kada a matsar da ita," in ji Alhaji.

Shi ya cece ni, ya ce tsakar gida ba wuya, sai a ce mata su shiga ɗaki in wuce, kamar yadda ake yi wa magina. Ku ji fa, ba wuya. Shekara biyu da suka wuce ma da na roƙa da an ba ni hanya, ni ne ban roƙa ba. Amma ɗakin Hajiya, ya ce ko likita sai da aka kwana uku ana lallashinta. Namiji baƙo ba zai gan ta a kwance ba. Ni kuwa ba ƙofar ɗakin nake buƙata ba, kan gadon nake buƙata, daidai inda za a riƙe mata salular.

Na koma biro, ofishinmu, da azahar na zayyana wa Shef komai. Ya sha mur. Ya ce an riga an sayar, an ɗaura, an cika fish, me kuma nake nema? Na ce ina neman ya ba ni Madam Zeinabu na yamma ɗaya. Ya ce sakatariya ba ta fita aikin waje, ba ya cikin ƙa'ida, kuma wa zai amsa waya?

Madam Zeinabu tana can tana jera takardu kamar ba ta ji. Ku da kuka san ta yanzu, to a lokacin ma haka bakinta yake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Shef, ni shekara huɗu ina karɓar fish ɗin nan. Kowace na duba, an gwada kowane ɗaki. Har nakan ce ikon Allah, matan Dakoro duka sun buɗe wa Haruna ɗakunansu, ni ce kawai ban ji labari ba."

Shef ya dube ni, na dubi silin. Ta ci gaba ta ce a gidan mijinta ma bwat a zaure take, in tana son magana da ɗiyarta da ke karatu a Zinder sai ta tsaya kusa da turken awaki, nan ne kawai take samun sanda ɗaya. Ta ce ta san inda ake dannawa a gwada gudu, ta ga muna yi sau dubu. Ta ɗauki mayafinta tun kafin a ba ta izini. Shef ya ce to a je, amma in patron ya kira shi bai san zancen ba.

Bayan la'asar muka isa, ita a kan kabu-kabu, ni da tsohuwar bwat da doguwar wayar kuran, wato ta lantarki, a bayan moto. Aka yi mini iso, na shiga. A karon farko na ga gidan da nake wa aiki. Daga zaure akwai soro na biyu, katangarsa ta laka ce irin ta da, kaurinta ya kai kamu guda. Ka fita ka haɗu da ɗakin ajiyar hatsi, buhuna har rufi. Ka kewaye shi sannan tsakar gida, da rumfa a tsakiya. Ɗakin Hajiya yana can ƙurya ta gabas, kuma daidai gabansa an kafa babban tankin ruwa na ƙarfe. Laka, hatsi, ruwa, ƙarfe. Duk abin da aka koya mana cewa yana kashe wifi, an jera shi tsakanin bwat ɗina da tsohuwar nan kamar da gangan.

Madam Zeinabu ta yi sallama ta shiga ɗakin. Ina tsaye bayan tanki na ji muryar Hajiya, siririya amma ba ta rawa.

"Ke ɗiyar wa?"

Ta faɗa mata gidansu.

"Na san kakarki, tare munka yi tallar hura. Ke ce mai gyaran abin?"

"Ni ce, Inna. Akwai wani a waje yana taya ni riƙe waya."

Na ji, na kuma haƙura, don ranar ba ni da bakin musu.

Muka fara. Na sauko da sabuwar bwat daga bangon zaure, na haɗa ta da doguwar wayar kuran, na ɗauke ta a hannu ina yawo da ita a tsakar gida. Ba a haɗe take da anten ba, amma wannan bai hana a ga ƙarfin wifi ba. In na tsaya sai in ce "Nan fa?" Madam Zeinabu ta amsa daga ciki. Bakin ɗakin hatsi, babu. Gindin rumfa ta yamma, ɗaya. Na matsa gaba inda nake ganin dole ta cika, ta ce biyu a bakin ƙofa, amma a kan gado babu ko ɗaya. Na ce ba zai yiwu ba, ta sake dubawa. Ta ce in ban yarda ba in aro zane in shigo. Sannan ta gaya mini abin da ni ba zan taɓa gani ba: bangon da gadon ya jingina da shi, daga ƙasa har sama jeren kwanoni ne da fantekoki da tiren ƙarfe, kayan ɗakin Hajiya tun na aurenta da waɗanda ta tara daga baya. Ta wannan bangon rezo ba shi da hanya. Sai dai ta ƙofa.

Alhaji ya ce ko a sauke kwanonin? Daga ciki Hajiya ta ce wanda ya taɓa mata kwano ɗaya ya san sauran. Aka bar maganar nan.

Sai na bi ƙofar. Na tsaya inda in ka miƙa hannu zai nuna bakin ɗakin kai tsaye ba tanki a tsakani, wato ginshiƙin rumfa na kudu, na ɗaga bwat sama da kaina. Madam Zeinabu ta ce, "Huɗu. A kan matashin kai, huɗu." Wannan da sabuwar ke nan. Na cire ta na haɗa tsohuwar, wadda na sauke da safe kamar ta yi laifi, na ɗaga ta a wurin nan dai. Huɗu. Na aiki Alhaji zaure da salularsa, ya dawo ya ce can biyu take ba shi, wani lokaci uku. Na ce biyun ta ishe shi saƙon murya da hoton buhu.

Ya tsaya yana duban su biyun a kan tabarma, baƙa mai ƙahonni da fara da ta sha rana.

"To wace za a ɗaura? Kai ka sani."

Na san abin da ke jirana a biro. Na ce, "Alhaji, tsohuwar. Gidanka salula nawa ce, ba su kai goma ba. Sabuwar ba za ta ƙara maka komai ba sai kyan gani. Abin da kake buƙata kabul ne mai tsawo da ƴar rumfar kwano da za ta kare ta daga ruwa."

Ya ce, "Da jiya ka hwaɗi haka." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Juma'a da sassafe na dawo da tsani. Na matsar da ƙarfen anten daga saman zaure zuwa kan ɗakin hatsi don kada kabul ya yi tsawon da zai cinye rezon, na bi da shi ta kan katanga har ginshiƙin. Na haɗa bwat da batirin sola na gidan, don kun san halin kuran ɗinmu, ba ya ɗaukewa sai lokacin da aka fi buƙatarsa. Na gama kafin a tafi masallaci. Madam Zeinabu ta kira ɗiyarta ta Zinder daga kan gadon Hajiya don gwaji, hoto ya fito tar, bai tsaya ba.

Bayan an sauko Juma'a muka dawo. Ni dai zaure aka ajiye ni, inda na saba, ina zaune ina kallon ƙusoshi biyu a bango. Alhaji ya shiga ciki. Gidan ya yi tsit, ko taɓarya ba ka ji. Abin da ya faru a ɗakin, Madam Zeinabu ce ta ba ni labari a hanya, don Hajiya ta ce ita za ta riƙe mata salular, ba wani ba.

Ta ce da kiran ya shiga, Isuhu ya fito da rawani ya rufe har haɓa, irin na mutanen can, kamar yadda yake a duk hotunan da yake aikowa. Ya fara jero gaisuwa. Hajiya ba ta amsa ko ɗaya ba. Ta ce, "Auta, cire abin nan in gan ka." Ya yi dariya ya ce Inna ai ni ne. Ta ce ya cire. Ya warware rawanin a hankali ya ajiye. Kansa da gemunsa duk sun yi fari.

Hajiya ta kawo fuskarta kusa. Sai ta kama bakin mayafinta ta fara goge gilashin salular, a hankali, daidai kan gemun. Tana tsammanin datti ne a gilashin. Ta goge, ta duba, ta sake gogewa. Madam Zeinabu ta ce ita dai ta cije leɓe ta riƙe salular da hannu biyu. Da tsohuwar ta ga abin bai fita ba, sai ta saki mayafin.

"Ashe kai ma ka tsuhwa," ta ce. "To alhamdu lillahi. Na ga hurhurarka."

Suka yi fiye da awa ɗaya. Ta tambaye shi abin da yake ci, da wanda ke yi mishi wanki, ta yi mishi faɗa a kan haƙorin da ya bari ya fita. Hoton bai yanke ko sau ɗaya ba.

Na mayar da sabuwar bwat cikin kwalinta na ajiye wa Shef a tebur. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Ni kuma na ɗauko fish ɗin Alhaji ta ranar Alhamis na yage, na cika wata, Madam Zeinabu ta sa alamar layi na bakwai da hannunta, don ita ta shiga. Hajiya ta rasu kafin ruwan farko ya sauka. Isuhu bai sake saukowa gari ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Wannan Juma'ar ita ce kaɗai aka rubuta musu, kuma saura kaɗan in kashe ta a hanyar Maraɗi, ana ɗauko mai ƙahonni shida da za a rataye a zaure. 

Labarin ya bi gidajen biki, kamar yadda labarin mata ke bi. Ba a yi wata biyu ba aka fara kiran biro ana cewa a turo matar nan. Shef da kansa ya rubuta wa patron, aka tura ta horo Maraɗi, yau ga ta nan teknisiyan, kuma kun fi ni sanin cewa ta fi ku iya haɗa kan kabul. Gidajen da muka koma muka gyara, mafi yawansu ba su buƙaci sabuwar bwat ba. Waɗanda suka buƙata mun sayar musu, ba su kuma dawo da ƙorafi ba.

Abin da na koya shi ne, a garin nan wanda ya zo biro ba lalle shi ne mai buƙatar ba. Maigida ne zai zo, kuma ba zai ambaci mahaifiyarsa ko iyalinsa a gaban baƙo ba, zai ce maka ba ta da ƙarfi, a kawo babba. Kunya ce da mutunci, ba rowar magana ba, kuma aikinka ne ka san haka. Don haka in mutum ya nuna sabuwa ya ce ita yake so, kada ku fara da farashi, kada ku fara da gudu. Ku bari zaure ya watse, ku rage murya, ku tambaye shi a wane ɗaki ake son ta kama. In ɗakin da za ku iya shiga ne, ku nemi iso ku shiga. In ba ku iyawa, ga Madam Zeinabu. Amma layi na bakwai, wanda ƙafarsa ba ta taka ɗakin ba kada alƙalaminsa ya taɓa mini shi, don a ƙarshen layin nan akwai wata a kwance tana jira.